An Ɗauke Ni Gyaran Inji, Na Tsufa a Aike

Zuwa ga ɗana Ɗanjuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sauke ka Illela lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na wutar lantarki, tunda su ne abokan aikinka. Takardar nan na cusa ta cikin jakar kayan aikinka, don na san can ne hannunka zai fara zuwa. Labarin gida babu shi a ciki, wannan za ka ji a waya. Magana ce da in na ɗauko ta ido da ido za ka sunkuyar da kai, ni ma in kau da nawa, mu tashi ba a faɗi komai ba.

Ranar da sabon maigidanka ya kira ka, ka buɗe muryar wayar don ni da Innarka mu ji. Ya ce ya ɗauke ka aikin kafa allunan hasken rana, fanno ɗin nan naku, da haɗa su da injin ban ruwa a garake. Na ji daɗi har raina. Sai da zai kashe wayar ya ce, "Af, wai kana da farmin mota? Ka iya tuƙi?" Kai kuma ka washe baki ka ce, "Ƙwarai kuwa, har babbar mota." Innarka ta dube ni, na dube ta, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Tun ranar nake juya tambayar nan a raina. Ban ce mutumin yana da wata manufa ba, ban san shi ba. Amma ni ma da tambayar nan aka fara da ni.

Kai ka tashi ka gan ni ina riƙe da makullan gidan Alhaji Haruna a Galmi, ina kai yara lakwal, wato makaranta, ina ɗauko cefane. Na tabbata in abokanka sun tambaye ka aikin babanka sai ka yi ɗan jim kafin ka amsa. To ka sani, ni makaniki ne aka ɗauka. Injin ban ruwa na koya, kuma ina da kunne a lokacin. Daga bakin hanya nake jin inji yana aiki a garka, in ce wannan buji ne, wato fulogi, ya ci, wancan ruwa ya shiga mansa, wancan kuma iska yake ja ta tiyo. In an buɗe sai a tarar haka ne. Da Alhaji ya ji labarina ya aika aka kira ni zaurensa. Yana da garaken albasa da yawa, injunansa kuma kullum cikin tsayawa. Ya ce, "Isa, injunan ga nawa nika so ka riƙe mani, shi ke nan aikinka." Ya faɗi abin da zai riƙa ba ni kowane wata, na ce na gode. Daga ni sai shi a zauren, babu na uku.

Wannan shi ne abin da har yau nake mamaki a kanmu. Mutumin Galmi zai yi rabin yini yana ja-in-ja a kan buhun albasa ɗaya, a kira dillali, a tara shaidu, a tashi a sake zama, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Amma in ƙarfinsa da ƙuruciyarsa zai sayar, sai ya noƙe kai ya ce yadda Alhaji ya gani. Na tambayi tsofaffin majalisarmu daga ina muka samo wannan hali, kowa ya yi dariya ya ce shi ma haka ya yi. Kai dai kada ka yi. Kafin ka kwance sukuru ko ɗaya a shagon nan, ka nemi a faɗa maka iyakar aikinka a gaban wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa. In ana rubuta kwantira, wato takardar yarjejeniya, a wurin, a rubuta, ka karanta a tsanake, ka ga an ambaci sunan aikin a ciki.

Na ji daɗin shekarun farko. Sai wata rana da albasa ta cika, an yi lodi za a kai Ƙonni, direba ya kwanta zazzaɓi. Alhaji ya leƙo inda nake wanke hannu ya ce, "Isa, an ce mani ka iya tuƙi?" Wallahi ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na kai motar na dawo, aka yi ta yaba ni. Direba ya warke, amma in ƙaramar mota za ta fita sai a ce Isa ya fi natsuwa. Daga baya direban ya tafi Najeriya neman wani aiki, na zuba ido in ga wanda za a kawo. Ba a kawo kowa ba, ba a kuma ce mini na zama direba ba. Makulli dai ya kwana a aljihuna, washegari ma ya kwana, albashina yana nan inda yake.

Ba ina cewa ka yi ƙarya ka ce ba ka iya tuƙi ba, ka riga ma ka faɗa. Ba kuma ina cewa in mota ta tsaya da kaya, direba na kwance, ka naɗe hannu ba. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ka taimaka da zuciya ɗaya. Amma in ka dawo, ka miƙa makullin da hannunka a ranar, kana murmushi. In an sake ba ka, an sake, to ka tambaya cikin ladabi ko abin na ɗan lokaci ne ko ya zama naka. Tambayar ba ta da nauyi a makon farko. Ni na bar ta ta kwana biyu, da na zo ɗaukarta sai na ji ta fi ƙarfina.

Yanzu ga inda kai ka shigo cikin labarin. Da aka haife ka ina cikin ƙunci, ina tunanin inda zan samo ragon suna. Ana gobe suna sai ga rago an jawo har ƙofar gida, ƙato, daga Alhaji. Na yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba. Da safe liman ya matso ya tambaye ni sunan da za a raɗa, sai na ji bakina ya ce Haruna. Ba wanda ya roƙe ni. Alhaji da ya ji, ya rungume ni a gaban jama'a ya ce, "Daga yau Isa ba ma'aikaci na ba, ɗan gida na." Mutane suka yi ta sa albarka, ni kuma kaina ya yi girma. Kana ganin ba na kiran sunanka na yanka, sai Ɗanjuma. Kunyar ɗan fari ce, haka ne, amma har da nauyin mai sunan.

Na daɗe ina nazarin maganar nan ta ɗan gida, kamar yadda nake zama gaban injin da ya ƙi tashi. Ma'aikaci yana da aiki, yana da lokacin tashi. Ɗan gida kuwa, duk abin da ya taso a gida nasa ne. In albasa tana rudu, wato rumbun da ake ajiye ta har ta yi tsada, ni ne mai shiga in juya ta in fitar da ruɓaɓɓa. In Hajiya, matar Alhaji, za ta asibiti ni ne. In za a kai gudummawar biki Dogarawa ni ne, in jira a mota har a watse. In baƙi sun zo daga Sakkwato ni ne mai nemo musu masauki. Kowane ɗaya da "don Allah" aka fara shi, kuma kowane ɗaya in ka ware shi bai kai a yi magana a kansa ba. Injuna kuwa sai in na samu sarari, in leƙa su a gurguje da rigar fita a jikina, ina kaffa-kaffa kada baƙin mai ya taɓa ta.

Innarka ta riga ni gani. In na shigo gida sai ta ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Aike. Yau ina da ina anka tura ka?" In yi dariya, ita ma ta yi, amma tata ba ta kai ciki ba. Wata rana ta ajiye mini tuwo ta zauna ta ce, "Malam, ni dai makaniki nis sani an aura mani. Aikin mutum nawa kaka yi yanzu, kuma na mutum nawa aka biyan ka?" Na ce ta bari, Alhaji ba ya mantawa da mu. Kuma gaskiya na faɗa. Da salla akwai shadda, da kaka akwai buhun hatsi, da ka yi ƙyanda shi ya biya magani. Sai ta ce, "To in ya manta wata shekara, kana iya zuwa ka ce ina buhuna?" Na ce tuwon ya yi sanyi.

Ka riƙe tambayar nan tata, ta fi duk abin da zan faɗa maka. Kyauta in ta zo sai ka durƙusa ka yi godiya, in ba ta zo ba ba ka da bakin tambaya. Albashi kuwa haƙƙinka ne, kana karɓarsa a tsaye. In maigidanka ya yi maka alheri ka karɓa, ka gode masa ƙwarai, kada ka zama butulu. Amma kada ka bar alherin ya zauna a gurbin ƙarin da ya kamata a yi maka saboda ƙarin aiki. Ni na haɗa su a tukunya ɗaya, na kasa gane wanne nake ci.

Kada ka ɗauka ban taɓa yunƙurawa ba. Na yi, sau ɗaya. Na shirya maganata tsaf tun daga gida, ina tafiya ina maimaita ta. Na tarar da Alhaji shi kaɗai a zaure, na gaishe shi, na gyara zama, na ce, "Alhaji, dama wata magana ta kawo ni." Ya ce, "Bismilla. Kai, tsaya, kahin in manta, ina takwarana? Ya fara tahiya?" Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar hula mai aiki, ya ce a Ƙonni ya gan ta ya tuna da kai. Na riƙe hular ina juya ta. Ya ce, "To, mi kac ce ya kawo ka?" Na ce ba komai, gaisuwa ce. Har yau ina tambayar kaina ko ya san abin da na zo faɗa. Wani lokaci in ce ya sani, ɗan kasuwa ne, yana karanta fuskar mai ciniki tun daga nesa. Wani lokaci in ce a'a, son ka kawai yake yi, don ya so ka da gaske. Na fi zaton duka biyun ne, kuma shi kansa bai taɓa zama ya raba su ba.

Da na koma gida da hula maimakon magana, Innarka ta kawo shawarar da ta fi tawa. Ta ce, "Tunda bakinka ba ya iyawa, ka aiki yayana Sale ya tahi ya hwaɗa mashi. Neman aure ma ba kai kat tahi da kanka ba." Na hau faɗa, na ce ni ba yaro ba ne da za a je a roƙar mini. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba. Al'adarmu da ta ɗaure mana baki a gaban wanda muke jin nauyi, ita ce kuma ta ba mu hanyar aika babba ya yi magana a madadinmu, ba wanda ya ji kunya. Na ɗauki rabin da ke cutar da ni na bar rabin da zai fisshe ni. Kawunka Sale yana nan da ransa, bakinsa kuma bai mutu ba, ka san shi. Illela ba nisa. In ka ga magana ta fi ƙarfin bakinka, ka kira shi. An ce kuma akwai buro, wato ofishin da ke duba tsakanin ma'aikaci da maigida. Ni ban taɓa taka ƙofarsa ba, kai da ka yi karatu ka bincika ka san inda yake tun ba ka da bukata.

Ranar da ya kamata in farka, ita ce ranar da babban injin garkar bakin fadama ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa. Na ce bari in cire riga in duba. Alhaji ya ce, "A'a Isa, kai da za ka kai Hajiya Malbaza da la'asar? Tahi Dogarawa ka ɗauko Ada ya duba shi." Ada makaniki ne da ya buɗe garejinsa, tare muka koyi aiki, ni ne ma gaba da shi. Na tuƙa mota na je na ɗauko shi, na kawo shi gaban injin da na fi sanin cikinsa fiye da cikin ɗakina. Ya tsuguna yana kwancewa, ni ina tsaye da farar riga ina miƙa masa sifana. Da ya gama ya faɗi kuɗin aikinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, Alhaji ya ɗan taya, suka daidaita, ya biya shi nan take. Sannan na mayar da shi gida. A hanya Ada ya ce, "Kai dai ka huta, Isa, ka zama babban mutum." Na ce alhamdu lillahi. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ranar ban ji zafi sosai ba, har wani ɗan daɗi na ji cewa ba ni ne cikin taɓo ba. Daga nan duk injin da ya tsaya Ada ake kira, ni nake ɗauko shi.

Don haka ka sa ido a kan wannan fiye da batun albashi. Duk ranar da ka ga an tura ka kai kaya ko karɓo saƙo, an kira wani ya hau ya kafa fanno a madadinka, to a ranar za ka yi magana, kada ka bari sai gobe. Ƙarin albashi in bai zo bana ba yana iya zuwa baɗi. Hannu kuwa in ya daɗe bai taɓa aiki ba mantawa yake yi, kuma ba ya sanar da kai ranar da ya fara. Ga shi sana'arku gudu take yi. Jiya na tsaya bakin wata garka ina kallon irin injin naku, ruwa na bulbula, babu ƙara, babu hayaƙi. Na yi ta kasa kunne ban ji komai ba. Ku ta ina kuke gane ciwonsa? Ina son in sani, in ka zo ka yi mini bayani.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, Allah ya jiƙansa ya yafe masa, bayan an share makoki babban ɗansa Nasiru ya tara masu aiki a zaure don a san wanda za a riƙe da wanda za a sallama da haƙƙinsa. Kana Yamai wajen karatu a lokacin, ban taɓa ba ka labarin yadda aka yi ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa aikinsa. Mai gadi ya ce gadi. Masu garka suka ce ban ruwa. Da aka zo kaina na buɗe baki in ce makaniki, sai na tuna duk wanda ke zauren ya san Ada ne makanikin gidan. In ce direba, ba a taɓa ɗaukata tuƙi ba. Ina cikin laluben abin faɗa Nasiru ya yi murmushi, yaron da na yi ta kaiwa lakwal, ya ce, "Haba, Baba Isa ai ba ma'aikaci na ba, ɗan gida na. A wuce shi." Don girmamawa ya faɗa, na ga haka a idonsa. Aka sallami mai gadi da haƙƙinsa na shekaru. Ni aka ba ni babbar rigar Alhaji da carbinsa, aka ce gida nawa ne ko yaushe. Da aka zo rabon gado kuwa, ka san ba a lissafa ɗan gida irina. Motar ma sayar da ita suka yi.

Ban yi fushi da su ba. Na ce ai ina da sana'a. Na ɗauko tsohuwar jakar kayan aikina na hau mota zuwa Dogarawa. Ada ya tarbe ni hannu biyu, ya ce ga wani inji can an kawo, irin na da ne, irin wanda na sani. Aka tayar da shi yana tari yana shaƙewa. Na tsuguna na kasa kunne. Ɗanjuma, ƙara kawai na ji. Na ce buji ne, na kwance, lafiyarsa lau. Na ce mai ne, na duba, ba shi ba ne. Wani ɗan sukuru ya suɓuce ya faɗa cikin ƙasa, na yi ta lalube. Ada ya matso. Ya tsuguna kusa da ni kamar mai taya ni nema, ya sa hannu ya murɗa wani abu, inji ya daidaita. Ya ce, "Kwana biyu na, za ya dawo maka." Muka koma gefe muka zauna. Can ya rasa yadda zai yi da ni, ga kunya ga tausayi, sai ya ce, "Isa, ko ka taimaka ka karɓo muna buji kasuwa? Kai ka san masu kyau."

Na karɓi kuɗin na tafi. Na zaɓo masu kyau kuwa, na kawo masa canjinsa daidai, don wannan aikin na ƙware a kansa. Ban sake komawa garejin ba.

Ɗana, ka je ka yi wa maigidanka aiki da gaskiya da amana, ka girmama shi, ka so shi in ya cancanta. Amma kai mai kafa fanno ne, kada ka bari wani ya sauya maka wannan da kyauta ko da daɗin baki. Allah ya tsare ka daga faɗuwa daga rufi, ya tsare ka daga wuta da hatsarin hanya. Allah ya sa maigidanka ya zama mai adalci, ya ba ka bakin faɗin gaskiya cikin ladabi a lokacin da ya dace. Innarka ta ce ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ni kuma roƙon da na fi yi maka a kowace sujada, Allah ya bar maka sana'arka a hannunka har tsufa, ranar da aka tambaye ka aikinka ka amsa ba tare da ka duba ƙasa ba.

Wassalam,
Mahaifinka, Isa